Matokarin Hagu

Laraba, 15 ga Agusta 1956, bayan la'asar

Na iso Sabon Birni da hantsi, jiƙe har wuya. Daga Isa ƙafa na yi, inda ƙafa ta gaza na shiga kwalekwale, don gulbi ya cinye hanyar mota tun makon jiya. Motar En'e da na je gyarawa na baro ta can da baki buɗe. Saƙo biyu ne suka same ni rana ɗaya. Na Gwaggo Tasalla, wai in zo gida. Da na Maigari Labbo, wai jirgin sama ya sauko a fakon garinmu ba shiri, kuma an ce duk ƙasar nan ni kaɗai na taɓa kwance jirgi. Haka ne, na yi aikin fita, wato makanikin jirgi, a filin jirgin Kano lokacin yaƙi. Ban zaci abin zai biyo ni har gida ba.

Gida na fara zuwa. Matata Safiyatu tana kwance, ta ce ba komai, cikin ne ya yi nauyi. Na ga zannuwa a kan igiya, sun fi ƙarfin wankin mutum ɗaya. Ban tambaya ba.

Jirgin ɗan ƙarami ne, na masu korar tsuntsayen jan-baki daga gonaki, mazaunin mutum biyu, jikinsa yadi ne aka ɗame aka shafe da fenti. Ran Litinin ya yi ƙasa-ƙasa yana bin tsuntsaye a fadama, fiffiken hagu ya kwashi wayar tangaraho. Wayar ta tsinke ta faɗa cikin ruwa, kuma ita ce kaɗai bakin da muke magana da Sakkwato da shi. Matuƙin, wani dogon Bature da mutane suka riga suka laƙaba wa Zalɓe, ya fasa goshi. Yana kwance a bariki tun ranar.

Alhamis, da azahar

Tun safe ina ƙarƙashin jirgin. Farfela lafiya. Injin ya tashi bugu ɗaya, ba tari ba atishawa. Tayoyi lafiya. Inda yadi ya yage a fiffike wani ya riga ya ɗinke, ɗinkin baduku, ƙanana-ƙanana kamar na kuben wuƙa. Na ji haushi, amma na yarda ya fi nawa kyau.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Kowane fiffike yana da ƙarfe mai rami da ya tokare shi daga gangar jikin jirgin, mu a Kano matokari muke ce masa. In jirgi yana sama, nauyinsa duka a kan waɗannan ƙarafan yake rataye. Zalɓe ya ce mini da Hausarsa ta bariki, kafin a kwashe shi ya ga matokarin hagu ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Ni kuwa na same shi miƙe sambal. Sai dai wajen taƙi ɗaya a tsakiyarsa babu fenti, ƙarfen yana ƙyalli, kuma da na kai hanci na ji man shanu.

Na tambayi masu gadi. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, babu abin da ya sami jirgi.

Juma'a, bayan masallaci

Malam Ibrahima na disfensa ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Ya ce abin da yake da shi a kwalba ba zai tsayar da jinin da Safiyatu take zubarwa ba. Ya ce likitan Sakkwato kaɗai, kuma kada a jira ranar haihuwa ta zo ta same ta a nan. Na ce hanya fa? Ya ce a ɗora ta a gado a ratsa gulbi da ita, ba za ta kai Isa ba. Daga nan ya juya yana kallon wajen fako.

Ban san wanda ya kai wa Zalɓe labari ba. Da na je gaishe shi ya ce kujerar baya tana kwantawa, kuma fetur ɗin da ya rage zai kai Sakkwato sau ɗaya. Ya ce, "Ni tuƙi na sani. Kai ne fita. Ka ce ya tashi, in ɗauki matarka gobe. Ka ce a'a, mu jira injiniya." Ya riga ya aika ɗan saƙo a ƙasa, amma ɗan saƙo ma sai ruwa ya ba shi hanya.

Na yi masa godiya. Da na fito na zauna a dakalin bariki.

Asabar, da hantsi

Zannuwa a igiya.

Asabar, da la'asar

Na je wurin Maigari Labbo na tsugunna, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce ranka ya daɗe, wa ya taɓa ƙarfen? Ya daɗe yana gyaran rawani.

Ya ce, "Illo, kai ɗan ƙasag ga na, ka san yadda muka yi. Baƙo ya sauka garinka dokinai ya ji ciwo, jira za ka yi shi tashi shi roƙe ka? Tun kakanninmu, mu ka jinyar abin hawan baƙo kahin shi farka. Munka ga ƙahwar abin ta lanƙwashe, munka kira Maliki maƙeri. Munka ga hwata ta yage, munka kira baduku. Ina laihi nan?"

Na ce babu laifi, ranka ya daɗe. Me za ni ce? Mutumin ya yanka wa Zalɓe rago, ya sa an yi wa jirgi rumfar zana don kada ruwa ya dake shi, har ciyawa aka share kewaye da shi. Da doki ne da tuni ya warke ya yi ƙiba. Na fito ina tafasa, kuma babu wanda za ni sauke wa, don kowa alheri ya yi.

Lahadi, da azahar

Maƙerar Baba Maliki. Tun ina yaro yake korata daga bakin zugazugi, yau ni ne na zo yi masa tambaya. Bai ɓoye komai ba, alfahari ma yake yi. Ya ce da gwafa suka tallafe fiffiken, ya buɗe akwatin Bature ya sami sifana, ya kwance ƙarfen ya kawo nan.

Na ce, "Baba, wuta kas sa shi?"

"To da mi za ni miƙe shi, da lallashi?"

"Har ya yi ja?"

"Ja ƙwarai. Sannan na bi shi da guduma sannu-sannu, ban ɓata mai rami ba. Diba ka gani in ka ga tabo."

"Kat tsoma shi ruwa?"

"A'a, hura na tsoma shi. Kai Illo, Kano ta maishe ka wawa?"

Na yi dariya don kada in yi wani abu. Ƙarfen jirgi ba ƙarfen galma ba ne. In ya sha wuta ya sha ruwa, yana iya yin taurin da zai karye farat ɗaya, ko ya tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Yana kuma iya zama lafiya lau. Abin da ya fi damuna ke nan, yana iya zama lafiya lau.

Na ce ko ya ji wata ƙara da ƙarfen ya shiga ruwa. Nan ya daina wasa. Ya ce, "Na ji wani ɗan ƙas. Amma gawayi ma shina yin haka." Ya tambayi jikin Safiyatu, na ce da sauƙi.

Litinin, 20 ga wata, da safe

Na kwance matokarin na wanke shi da kananzir, na goge, na shafe shi da alli. Haka aka koya mana: in akwai tsaga, kananzir zai ɓuya a ciki, in an jima ya fito ya zana kansa a kan allin. Na ajiye shi a inuwa na zauna ina kallo kamar mai gadin tukunya.

Wani ɗan duhu ya fito, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Tsaga ce, ko sawun guduma ne ya riƙe mai? Na goge na sake. Ya fito, amma ya fi na farko dushewa. Na sake. Ban ga komai ba. Na sake, na ga kamar akwai.

Zalɓe ya zo da ƙyalle a goshi ya duba da gilashinsa. Ya ce shi bai ga komai ba, amma ya ce shi ko a farantin abincinsa ba ya ganin ƙuda.

Talata, da la'asar

Na mayar da ƙarfen. Na tara ƙarti suka sa kafaɗa a ƙarƙashin fiffike suka ɗaga har taya ta bar ƙasa, suka girgiza. Bai ce uffan ba. Mutane suka yi ta murna, wani har ya ce a kira makaɗa. Amma ƙarti ba iska ba ne. Na san abin da hadarin damina yake yi wa ƙaramin jirgi tsakanin nan da Sakkwato.

Na nemi abin da zai maye gurbinsa. Bututun famfo ya yi nauyi, ramukan ma ba su dace ba. Na yi tunanin ɗora masa gora in naɗe da waya, sai na ji kunyar kaina.

Laraba, da hantsi

Na rataye sifana a zare ina buga ƙarfen ina saurare. Na dama yana cewa tin, ya ja. Na hagu ma yana cewa tin.

Ga abin da na lura. Ran da na baro Safiyatu ta sha kunu ta yi mini tsiya, in na buga sai in ji ƙarar ta mutu da wuri, in ce wannan tsagagge ne. Ran da na baro ta fuska fara fat, in na buga sai in ji ya fi na dama daɗin amo. Kunnena ya zama maƙaryaci. Yau ya yi amo mai daɗi ƙwarai.

Alhamis

Ban je fako ba.

Juma'a, 24 ga wata, da la'asar

Wani tunani ya zo mini a sahu, ana tsakiyar huɗuba. In ce wa Zalɓe ya tashi shi kaɗai ya kewaya gari ya dawo. In fiffike ya riƙe, sai a sa ta. Na yi ta juya abin har aka sallame, yana yi mini daɗi. Sai da na sa takalmi na ga abin da nake shiryawa: in gwada ƙarfe da ran baƙon da ya ce zai ɗauki matata don Allah. Kuma ko ya riƙe a kewayen gari, bai yi mini alkawarin zai riƙe a kan dajin Gundumi ba. Fetur ɗin ma ba zai isa biyu ba.

Gwaggo ta tare ni a zaure. Ta ce, "Dut gari sun ce jirgi lahiya lau shike. Maigari ya ce, Maliki ya ce, Bature ya ce shi a shirye shike. Kai ɗai ka tsaya kana shahwa mai alli kamar mai kwalliyar amarya. Ƙarhe ya hi matarka?"

Na ce, "Gwaggo, in ya karye bisa fa?"

Ta ce, "In ta ƙare nan ƙasa fa?"

Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko lokacin yaƙi.

Asabar, da azahar

Zannuwa. Gwaggo ta ƙara igiya ta biyu, daga rumbu zuwa bishiyar darbejiya, tana ta saɓulowa don nauyi.

Lahadi, bayan la'asar

Safiyatu ta sa aka kira ni ɗaki, ta ce Gwaggo ta ba mu wuri. Muryarta ta yi ƙasa, sai na matso.

Ta ce, "Malam, an ce magana ga bakinka take."

Na ce haka ne.

"To in tambaye ka. Da ba ni ta ba, da wani Bature na za a ɗauka, ko buhun gero, mi za ka ce?"

Na yi shiru. Ta san shiruna, shekarunmu ba kaɗan ba ne.

Ta ce, "To shi za ka ce."

Na ce ba ta gane ba, ƙila ƙarfen lafiyarsa lau, ƙila ni ne nake hana ta asibiti a banza. Ta ce ta gane sarai. Ta ce, "Ni ba hwaɗuwa nika tsoro ba. Kai nika tunani, tsaye cikin fako kana kallon bisa, kai kac ce a tashi. Ga kuma bawan Allah, shi ma ɗan wata na." Sannan ta ce in daina zuwa mata da hannu yana warin kananzir, yana tayar mata da zuciya.

Na fito na wanke hannu da toka har fata ta yi zafi.

Litinin, 27 ga wata, da safe

Na gaya wa Zalɓe ba zai tashi ba. Na faɗa da Hausa na kuma faɗa da Turanci, don kada in sami ƙofar komawa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba, shi ya sa. Ya miƙo mini hannu.

Na kwance matokarin da kaina na taho da shi gida, don na san halina. In na bar shi a jikin jirgi, wata safiya za ni buga in ji amo mai daɗi.

Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba.

Talata

Gulbi bai janye ba.

Laraba

Bai janye ba. Maigari ya aiko da kaji da zuma. Baba Maliki ya zo da kansa ya zauna a zaure.

Alhamis, da la'asar

An hana ni shiga. Mata sai shiga suke da ruwan zafi suna fita. Malam Ibrahima ya zo ya tafi ya sake dawowa. Ina zaure, ƙarfen yana jingine a kusurwa, na juya masa baya.

Juma'a, 31 ga wata

Namiji ne, bai zo da rai ba. Liman ya ce ba sai an yi salla ba. Ni na ɗauke shi, a hannu ɗaya.

Ita tana numfashi. Malam Ibrahima ya ce kada in sa rai, kada kuma in cire.

Lahadi

Ta sha ruwa.

Talata, 4 ga Satumba, da hantsi

Ta sha kunu, ta tambayi inda aka sa shi. Na gaya mata, kusa da kabarin wansa na bara waccan. Ta juya fuska bango.

Zane ɗaya kaɗai a igiya yau.

Asabar, da azahar

Ruwa ya janye. Masu tangaraho sun ɗaura wayarsu, mota ta iso daga Sakkwato da injiniya da fetur da sabon matokari naɗe cikin takarda mai maiƙo. Kafin azahar ya ɗaura shi. Ya yaba ɗinkin baduku, ya ce a bar shi haka har Kano.

Na kai masa tsohon ƙarfen na gaya masa duk abin da aka yi. Ya ce na yi daidai, ba a tashi da ƙarfen da ya sha wuta, ko waye ya ce. Na ce na san doka, ba ita nake tambaya ba. Da ya kai Sakkwato? Ya juya shi a hannu, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wataƙila, sau da yawa sukan kai. Ya ce in ina son sani sai in yanka wurin in duba ciki. Ya miƙo mini abina ya koma ga aikinsa.

Lahadi, da safe

Jirgi ya tashi. Zalɓe ya kewayo ta kan gidanmu ya karkata fiffike, na hagu. Duk gari sun fita kallo. Ni ina tsakar gida, na ji ƙararsa har ta ɓace.

Talata

Na ɗauko zarto. Na ajiye.

Alhamis

Na sa alama da alli inda za ni yanka. Gwaggo ta fara amsa gaisuwata, a taƙaice.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar

Yau Safiyatu ta fito tsakar gida da ƙafarta, tana dafa bango. Ta same ni zaune a turmi, ƙarfen a kan cinya, zarto a hannu. Har na ja shi sau ɗaya ya yi ɗan zane.

Ta ce, "Mi kaka nema ciki?"

Na ce ina son in sani.

Ta zauna a tabarma sannu a hankali, sai da ta huta sannan ta yi magana. Ta ce, "In ka yanka ka iske shi tsage, za shi maido min da yaro?"

Na ce a'a.

"In ka iske shi lahiya lau fa? Da wane ido za ka dube ni, ni kuma da wane za ni dube ka? Ni ma da bakina cikin maganag ga, Malam. Ba kai ɗai ba na."

Kuka ya zo mini, na bar shi ya zo, tun ran Juma'ar nan ban yi ba.

Ta miƙo hannu, na ba ta ƙarfen. Ta auna nauyinsa, ta ce ashe ba shi da nauyi, duk wannan abu. Ta goge alamar allin da bakin zanenta. Sannan ta kira Gwaggo ta ce ga abin da za a tokare igiyar nan da ke saɓulowa.

Yana can yanzu tsakanin rumbu da darbejiya, rigata biyu da zanen Gwaggo suna bisa. Na mayar da zarto cikin akwati. Gobe za ni koma Isa, motar En'e tana jirana da baki buɗe.